Yadda Za Ka Sanyaya Gidan Surukarka Cikin Kwana Uku

Kai da ka auri 'yar masu sana'ar tempe, wato curin waken soya da ake ci, a garin Malang ka tare a gidansu, kuma ka gaji da kallon da ake maka na mai ci kawai, matso kusa. Bi matakan nan, na ɗauki alkawari kafin kwana uku unguwa kaf ta san sunanka. Ganau ne ni, domin Hartoyo mijin ƙanwata ya bi su bai tsallake ko ɗaya ba.

1. Zaɓi lokaci

Jira sai saura kwana uku a yi sadakar kwana dubu da rasuwar surukinka. Lokacin ne mahaifiyarmu, Bu Sumirah, ta dafa waken soya, ta barbaɗa masa garin da ke sa shi ya kama ya yi fari. Ragowar wanda Babanmu ya haɗa da hannunsa ne, ta adana shi don wannan rana. Ta naɗe ƙulli ɗari uku a ganyen ayaba, ta rantse baƙin mijinta ba za su ci tempen kasuwa ba. To, yanzu ne ya kamata ka tuna ka taɓa yin wata biyu a shagon gyaran firij.

2. Raina abin da ka tarar

Bangon ɗakin tempe saƙar gora ce, iska na shiga tana fita. Ka girgiza kai ka ce ƙauyanci. Samo leda ka toshe duk wata kafa, wai saboda ƙura. Mutanen da suka shekara arba'in a sana'ar, ai mantawa suka yi ba su toshe ba.

3. Sayo esi

Kafa na'urar sanyin nan a ɗakin kwananka, tunda kai ne babban baƙon gidan. Sai batun akwatin baya, mai fanka. Jahilai a waje suke rataye shi, suna cewa wai na'urar ba ta kashe zafi, kwasarsa kawai take daga ɗaki ta juye a baya, kamar mai zubar da shara ta kan katanga. Kada ka saurare su. A waje ruwa zai dake shi. Shigar da shi ɗakin tempe.

4. Samar masa wuri

Za ka ga an jera ƙullin a kan katako, kowanne da tazarar yatsa biyu. Tempe da kansa yake ɗumi idan ya fara kamawa, tazarar nan ta nan yake shan iska. Ɓarnar fili ce. Tattara su ka jibge a lungu, ka rufe ƙofa.

5. Tsaya kan bakanka

Washegari tsohuwa za ta shiga, ta ɗora bayan hannu a kan ƙulli ɗaya, ta janye.

"Hartoyo, wa ya hura wuta a ɗakin nan?"

"Ba wuta ba ce, Mama, kimiyya ce. Ki leƙa ɗakinmu ki ji sanyi."

"Na ji. Zafin da ka koro daga can, ina ka ce masa ya je?"

A nan sai ka duba wayarka.

6. Karɓi sakamako

Ta kwance ganyen a gabanmu ɗaya bayan ɗaya. Duk sun yi baƙi, sun yi yauƙi, wari na hawa kai. Ba ta zagi kowa ba, kuma da ta yi zagin da ya fi mini sauƙi. Ranar sadaka ta ɗauki kwando ta tafi kasuwa, ta sayo tempen leda a gaban matan da suka saba saye a hannunta. Wani dattijo abokin Baba ya gutsura, ya tauna, ya ajiye sauran a gefen faranti.

Gargaɗi

Marubuci ba shi da hannu a duk abin da ya biyo baya. Esin dai tana nan tana aiki, Bu Sumirah ce ke kwana a ɗakin mai sanyi. Tabarmar Hartoyo kuwa an shimfiɗa ta a ɗakin tempe, gaban fankar, kuma an hana shi cire ledar.