Dodon Ƙwari da Tarkon Sukari

"Duk ƙwaron da ya ji ƙarar babur ɗina, wasiyya yake fara yi." Haka wani mai feshin maganin ƙwari yake cika baki, har ya raɗa wa kansa suna Dodon Ƙwari. Ka dai san irinsu, tankin feshi a baya, amma bakin ya fi tankin zuba.

Matarsa na fama da ciwon mafitsara mai tafiya ya dawo. Da ta gama shan magani, likita ta ba ta wani farin gari ta riƙa damawa a ruwa tana sha, ko Allah zai sa ya rage dawowa.

"Mene ne wannan?" Dodo ya tambaya yana shinshina gwangwanin.

"Wani irin sukari ne, ba na shayi ba. Wai ƙwayoyin cutar shi suke kamawa maimakon jikin mafitsara, sai fitsari ya wanke su."

Dodo ya yi dariya har da riƙe ciki. "Ashe tarko ne. To, ina aka taɓa ɗana tarko a cikin rami? A bakin rami ake ɗanawa, su fito da ƙafarsu. Shekarata ashirin a harkar nan. Ki zauna a bahon ruwan sukari kawai, duk za su yi layi su fito."

"Baban yara, ni dai abin da likita ta ce zan yi."

"Likita ta taɓa kama ko kyankyaso ɗaya?"

"To ka fara gwadawa a kanka mu gani."

Ai kuwa ta taɓo inda yake masa ƙaiƙayi. Washegari ne zai ga manajar wani otal kan aikin feshin shekara guda, aikin da ya yi wata shida yana bi kamar zai yi kuka. Duk da haka gogan naka ya tashi da sassafe, ya juye kwano biyu na sukarin shayi a baho, ya dama har ya yi kauri, ya shige banɗaki ya zauna daram a ciki, shi da lafiyarsa ƙalau.

"Ina jin suna fitowa," ya ce ta bayan ƙofa.

"Su wa? Kai da ba ka da ciwon?"

"Na ajiya ne."

Da ya ga lokaci ya ƙure, ya murɗa famfo, famfo ya yi tari sau biyu ya yi shiru. An ɗauke ruwa, kuma na bokiti shi ya ƙarar a baho. Sarkin dabara ya goge da tawul sama-sama, ya zura farin wandonsa na ganin manya, ya hau babur.

A otal aka ce ya ɗan jira. Ya zauna a benci ƙarƙashin bishiya rabin awa, yana ba maigadi labarin yadda ɓeraye ke gaishe shi. Ko da aka kira shi ofis, ya riga ya yi baƙi bai sani ba.

"Me ya sa za mu ba ka aikin?" manaja ta tambaya bayan ya zauna.

"Ranki ya daɗe, inda na taka, ƙwaro ba ya..." Wani abu ya cije shi, ya zabura. Ya murmusa. "Ba ya kwana."

Cizo na biyu ya fi na farko. Ya matse ƙafafu, ya karkata hagu, ya karkata dama, gumi na tsatstsafo masa.

"Lafiya, Malam?"

"Motsa jiki ne, ranki ya daɗe. Aikinmu sai da shi."

Da cinnaku suka isa hedikwata, Dodo ya manta da girma. Ya miƙe zai ruga, kujerar roba ta ce ba inda za ka ba ni ba, ta biyo shi manne da wando. Ya yi ta juyi a tsakar ofis yana marin cinyoyinsa, kujera na share takardun tebur. Manaja ta leƙa ƙasa, ta ga layin cinnaku tun daga bakin ƙofa har cikin ƙafar wandonsa, ba ko mai tsallake layi.

Ta ɗauki waya ta kira wani mai feshi da shi ma ke neman aikin, wanda Dodo ya daɗe yana kira ɗan koyo.

"Aikin naka ne, ka taho yanzu da tankinka. A'a, ɗakunan sa jira. Akwai wani abokin sana'arka a ofishina, da shi za ka fara."