Ranar da Nahawu Ya Sha Wanka

Wani ne a Gyumri ta ƙasar Armeniya, haihuwar garin amma girman Rasha, ya dawo gida da gemu da agogon zinari, Armeniyancin bakinsa bai wuce na sayen taba ba. Sai ya ga wata budurwa, Shushanik, ya rikice. Tsautsayi, uwarta Malama Araksya ce, wadda ta shekara arba'in tana koyar da nahawu. Ko karen gidanta ba ya haushi sai bisa ƙa'ida.

Ranar da ya je gaisuwa, yana buɗe baki Malama ta dafe ƙirji.

"Wayyo kunnena! Ɗana, wa ya koya maka yaren nan, direban tirela?"

"A'a, Malama, ni dai..."

"Rufe, kar ka ƙara kashe wata kalmar. Wata uku na ba ka. Sunaye da wakilan suna kawai, abin da 'yan aji biyu ke rerawa. Ka zo ranar Vardavar da hantsi. In ka ci, ka turo manyanka. In ka faɗi, ka koma wa ƙanƙararka."

Shi da ya bar gari yana goye, sai ya ɗauka Vardavar ɗin ranar wani waliyyi ce, ya ce to.

A gefe kuwa yayar Malama ce, Inna Vartush, wadda duk unguwa ke kawo wa kofin gahawa ta duba musu gindinsa. Ta fizge nasa, ta kife, ta ɗaga, ta ƙanƙance ido.

"Ruwa nake gani a gabanka, ɗan nan. Ruwa mai yawa."

Gogan ya washe baki. Ai wannan yawon amarci ne a tafkin Sevan, magana ta ƙare!

Ya sayi littafi. Baƙaƙen kamar ƙugiyoyin mahauta, da ƙyar ya iya haɗa su. Daga nan kuma, da ya buɗe shafin sunaye sai hamma, kafin wakilan suna ya yi minshari. Wata uku suka wuce kamar an kora su.

Da safiyar ranar ya ce dabara ta fi ƙarfi. Ya ɗauko alƙalami mai shuɗiyar tawada, ya cika hannun hagu da sunaye tun daga wuyan hannu har hammata, na dama da wakilan suna. Ya ɗora farar riga mai dogon hannu. In tambaya ta zo, sai ya ce zafi, ya naɗe.

Yana fitowa, bokitin ruwa ya sauka gabansa, fash! Ya ɗaga kai. Wata tsohuwa ce a bene, babu haƙori ko ɗaya, tana ƙyaƙyatawa.

"Kaka, me na yi miki?"

"Barka da Vardavar! Matso nan kaɗan, idona ba ya gani sosai, na kuskure ka."

Ya duba titi. Ashe Vardavar bikin watsa wa juna ruwa ne. Kowa da bokiti, kowa sharkaf. Mata na bin maza, maza na bin mata, wani dattijo da kwat yana ɗiga kamar tsumma yana godiya. Gogan ya rungume hannuwansa ya faɗa wani kanti.

"Ɗan'uwana, ka cece ni! Ba na son ɗigo ɗaya ya taɓa ni."

Mai kanti ya kalle shi sama da ƙasa. "Yau? Yau ko limamin coci sai an matse shi. Ciwo gare ka?"

"Ilimi gare ni."

Mai kanti bai ƙara tambaya ba. Ya warware ledar da ake rufe gonar tumatir da ita, ya naɗe shi tun daga wuya har gwiwa, ya ɗaure da igiya. Gogan ya fito yana tsalle-tsalle kamar kifi a takarda. Aka yi masa caa. Bokiti, tukunya, buta, har da mai tiyo. Shi kuwa sai kuri yake.

"Ku zuba! Ku ƙara! Ruwanku ya yi kaɗan!"

Haka ya kai ƙofar gidan Malama. Ya kwance leda, ya leƙa hannun hagu, ya leƙa na dama. Komai na nan daram. Ya gyara kwala, ya ɗaga hannu zai ƙwanƙwasa.

"Masoyi!"

Shushanik ce a bene, da bahon wanki.

"Kai kaɗai ne busasshe a duk Gyumri! So kake a ce babu mai ƙaunarka?"

"Shushanik tawa, tsaya, kar ki..."

Shaaa!

Ya shiga falo, farar riga ta koma shuɗiya, yana ɗiga a kan dardumar da aka gada tun kakanni. Malama na zaune da jan biro, Inna Vartush na kurɓar gahawa.

"To, ɗana. Sunaye biyar."

Ya naɗe hannun rigar hagu. Shuɗi fetal. Ya naɗe na dama. Shuɗi fetal.

"Ina jin ka. Wata uku cur, ina abin da ka koya?"

Gogan ya jawo kofuna biyu daga kan tire. Ya matse hannun rigar hagu a ɗaya, na dama a ɗaya, ya tura mata gabanta a hankali.

"Ga sunaye, ga wakilan suna, Malama. In ba kya iya karantawa, miƙa wa Inna Vartush."