Yadda Aka Raba Kwanakin Hutu Ina Cikin Banɗakin Karafan

Ba zan taɓa mantawa ba da wata Juma'a a gidan surukaina da ke Harra ta Gabas, ranar da aka zauna aka gyara tsarin tafiyar da ni ne jagoranta, ni kuwa ina tsaye a inda ban so kowa ya san ina ciki ba.

Ni mutumin Haɗeja ne. Aikina a Madina shi ne kai kwalayen dabino otal-otal na kewayen Harami a wata 'yar ƙaramar mota. Matata Safiya a nan aka haife ta. Iyayenta Hausawan Sudan ne da suka daɗe a garin, har Hausarsu ta sha Larabci ta ƙoshi. Yayanta Usman gyaran mukayyif yake yi, wato na'urar sanyaya ɗaki. Shi ne ya gyara wa wani Balarabe mukayyif ɗin karafan ɗinsa, irin doguwar motar nan mai gado da kicin da banɗaki a ciki. Mutumin ya ji daɗin aikin, har ya ce idan an yi hutun makaranta ya zo ya ɗauki motar ya kai iyayensa su sha iska na mako guda.

Ranar da Yaya Usman ya kawo labarin muna zaune ana shan shayi. Ya dafa kafaɗata a gaban kowa ya ce, "Alhamdu lillahi ma, muna da direba a gida. Abu Hanan ai tuƙi ne sana'arsa." Haka suke kirana, da sunan 'yata Hanan.

Abin da ya kamata in ce shi ne, "Yaya, motata ba ta kai rabin wannan ba, kuma ban taɓa wuce Yanbu ba." Abin da ya fito daga bakina kuwa shi ne, "Haba, ai wannan ƙaramin abu ne." (Har yau ban san wanda ya aike ni ba.)

Da na ga Baba, wato surukina, ya gyaɗa kai yana kallona da sha'awa, sai na ƙara da cewa tsarin tafiyar ma a bar mini. Aka bar mini.

Na duƙufa a waya ina binciken manyan wuraren shaƙatawa na gwamnati, waɗanda a nan ake kira muntaza. Akwai Baida nan kusa da mu, akwai Saisad a Ɗa'if, akwai dajin Ragadan a Baha, sannan can kudu akwai Suda a ƙasar Asir, inda gajimare ke wucewa ta ƙasan ƙafar mutum. Mai hankali zai zaɓi ɗaya ko biyu. Ni duk na kwashe su. Na raba makon kamar mai rabon naman layya, kowane wuri da ɗan kasonsa: a kwana nan, a tashi da asuba, a yi azahar a hanya, a isa can kafin magariba. Duk Juma'ar da muka je gidan sai na buɗe taswira a waya ina nuna musu da yatsa, ina faɗin sunayen garuruwa kamar a can aka yanke mini cibiya.

Matsalar ta faro ne ranar da na ce bari in kalli bidiyon hanyar da ta bi ta kan duwatsun nan. Jama'a, titi ne a manne da gefen dutse, yana lanƙwashewa kamar igiyar shanya da iska ta kaɗa, a gefe ɗaya kuma babu komai sai sarari da hazo. Ni a garinmu tudun da ya fi kowanne tsayi gadar kogi ce. Tun ina yaro ko bishiyar mangwaro ban taɓa hawa ba, ni ne mai tsayawa a ƙasa ina tarawa a riga. Na kalli bidiyon nan har ƙarshe. Na sake kallo, wai ko zan saba. Ban saba ba. Na fara tunanin Baba da Inna da matata da 'yata Hanan duk a bayana, ni kuma ina kan sitiyari a bakin ramin nan.

Amma ta yaya zan janye? Na riga na cika baki a gaban suruki. Sai na ci gaba da nuna taswira, abinci kuma ya daina shiga.

Juma'ar da ta rage saura 'yan kwanaki a tashi, Yaya Usman ya kawo karafan ɗin ya ajiye a ƙofar gida, ya cika tankinta da ruwa, ya zagaya da ni ya nuna mini komai. Bayan an sauko daga masallaci Inna ta kawo shinkafa da naman rago da shatta, wani yajin barkono mai zafin gaske. Ko shattar ce ko fargabar da na kwana biyu da ita, ban sani ba, cikina dai ya fara magana. Banɗakin gidan kuwa ƙofarsa tana kallon inda Baba yake kishingiɗe. Duk Bahaushe ya san abin da nake nufi. Sai na miƙe cikin natsuwa na ce, "Bari in leƙa baƙala, kantin nan na unguwa, in sayo laban, na ga babu a firji." Laban shi ne kindirmon nan garin.

Na fita, na duba hagu da dama, na faɗa karafan.

Na gama abin da ya kai ni, na wanke hannu, na kama mariƙin ƙofa ke nan, sai na ji ƙofar waje ta buɗe. Muryar Yaya Usman ce: "A hankali, Inna, taka nan. Yalla, bismillah." Motar ta ɗan girgiza. Na ji tarin Baba. Na ji Safiya tana cewa, "Kai, sanyin nan ya fi na gida." Ashe ya kawo su ne su gwada ko Inna za ta iya hawa matakalar da ciwon gwiwarta.

A nan ne ya kamata in buɗe ƙofa in fito, in sha kunyar minti ɗaya ta wuce. Na ce a raina bari dai su duba su fita. Ba su fita ba. Na ji kujeru sun karɓi nauyi, an zauna. Banɗakin nan kuwa bai fi akwatin firji ba, gwiwata tana taɓa ƙofa, kaina yana taɓa rufi, kuma sanyin da Safiya take yabo ko kaɗan ba ya shigowa.

Baba ne ya fara. "To, tunda yaron nan ba ya nan, bari in faɗi abin da ke raina. Wannan tsarin nasa, hutu ne ko tsere?"

Na kasa kunne.

"Ni so nake in zauna a gindin bishiya in sha shayi," in ji shi, "gobe in tashi in ga bishiyar nan tana nan. Shi kuma kafin ruwan ya tafasa ya ce a naɗe tabarma."

Inna ta ce, "Ni wallahi gwiwata ba za ta ɗauki zaman mota kullum ba. Amma ya sha wahala a kan abin nan, miskin. Wa zai gaya masa?"

"Ba ni ba," in ji Yaya Usman. "Yadda yake ɗokin Suda ɗin nan, in aka cire ta sai ya yi rashin lafiya."

Sai na ji wata 'yar dariya da na sani sarai. Safiya ce.

"Ɗoki? Yaya, ai rashin lafiyar yana cikinta yanzu. Mutumin da ya fi mako bai ci abincin kirki ba? Kullum yana ɗaki yana kallon bidiyon hanyar nan yana salati. Tsoron tsayi yake yi."

"Wa? Abu Hanan?"

"Shi fa. Ranar da ƙwan fitilar falonmu ya mutu, ni na hau tsani, shi ya riƙe mini. Yana riƙe da tsanin ma idonsa a rufe."

(Wannan ƙari ne. Ido ɗaya kawai na rufe.)

Yaya Usman ya fashe da dariya har motar tana motsi. Inna tana cewa, "Haram alaiki, ke Safiya, mijinki ne fa," amma ita ma muryarta rawa take yi. Ni kuwa gumi ya gama wanke ni tun daga ƙeya har dunduniya. Na yi addu'ar ƙasan motar ya buɗe in zube a titi.

Baba bai yi dariya ba. Da suka lafa ya ce, "To me ya sa ya ɗora wa kansa?"

Safiya ta ce, "Yaya ne ya ce direba ne a gabanku. Kun san shi da kunyarku, Baba. Gara masa ya faɗa rami da ya ce muku ba zai iya ba. Ni kuma na rasa yadda zan yi, in na yi magana ya ce na raina shi, in na yi shiru kuma da mu zai hau dutsen."

Sannan Baba ya yi maganar da har yau ban manta da ita ba.

"Khalas. Kada wanda ya nuna masa an sani. In ya dawo zan ce bayana ke ciwo, ba zan iya doguwar tafiya ba. A cire Suda saboda ni. Inda akwai hawa kuma, kai Usman ka ce kana sha'awar tuƙin, ka roƙe shi ya ba ka. Mutum ya bar ƙasarsa ya zo ya riƙe mana 'ya da mutunci, ba za mu kunyata shi a kan dutse ba." Ya ɗan tsaya. "Ya daɗe fa. Ke Safiya, kira shi ki ji, ki ce ya haɗo da burodi."

Kafin kalmar burodi ta gama fita na cusa hannu a aljihun jallabiya. Hannun a jiƙe, aljihun a manne da cinya. Na kamo wayar ke nan ta suɓuce ta faɗa cikin ɗan kwanon wanke hannu.

Ta kama ruri.

Ba ma irin ƙarar da kowa ya sani ba. Wata waƙar soyayya ce ta Hausa da na sa wa lambar Safiya tun muna amarci, mai kiɗa da tafi da komai. Kwanon nan na ƙarfe kuwa ya ƙara mata amo kamar lasifikar gidan biki.

Babu wanda ya yi motsi a waje. Waƙar ta kai baiti na biyu kafin in iya kashe ta.

Na buɗe ƙofa. Na fito a sunkuye, jallabiya ta manne a jiki kamar wanda aka tsamo daga rijiya. Idanu takwas suna kaina. Ban san abin da zan ce ba, sai bakina ya zaɓar mini.

"Salamu alaikum."

Inna ta ja mayafi ta rufe fuska, kafaɗunta suna rawa. Safiya ta toshe baki da hannu ɗaya, wayar tana nan a kunnenta. Yaya Usman ya juya yana duba mukayyif ɗin da babu abin da ya same shi.

Baba ya dube ni daga sama har ƙasa, fuskarsa ko gezau.

"Wa alaikumus salam," in ji shi. "Ina laban ɗin?"

Nan Yaya Usman ya kasa riƙewa, ya buɗe ƙofa ya fice, muna jiyo shi a titi yana dukan jikin motar. Ni ma ban san lokacin da dariya ta kufce mini ba, irin wadda take haɗe da ƙwalla. Abin mamaki, a tsakiyar kunyar nan sai na ji kamar an sauke mini buhun siminti daga ka. Ba Suda. Ba hazo. Ba ni a kan sitiyari a bakin rami.

Baba ya matsa ya nuna mini gefensa. "Zauna, ɗana. Buɗe taswirar nan taka. Ka san bayana yana ciwo kwanan nan."

Na ɗago na dube shi. Ya san na ji komai, na san ya san na ji, amma dattijon nan ya dafa ƙugu har da ɗan nishi. Na ce, "Allah Ya sawwaƙe, Baba." Ya ce, "Amin."

A zaman nan aka sake rabon. Baida aka ce ai a ƙofar gida take, ko wace Juma'a ana iya zuwa. Suda aka bar wa wata shekara. Mafi yawan kwanakin aka ba wa Ɗa'if, saboda sanyinta da bishiyoyinta da kuma gwiwar Inna, ragowar aka ba wa Ragadan don Hanan ta ga birai. Ni na tuƙa mu a shimfiɗaɗɗen titi, kuma ba yabon kai ba, na yi kyau. Da duwatsu suka fara tasowa Yaya Usman ya yi gyaran murya ya ce, "Abu Hanan, don Allah ɗan ba ni in ɗana." Na ce, "To, tunda ka matsa." Na koma baya kusa da Inna, na ja labule, ta miƙo mini carbinta ba tare da ta dube ni ba.

Baba ya samu bishiyarsa a Saisad, ya sha shayi a gindinta har ta san shi. A Ragadan wani biri ya fizge ledar burodi daga hannuna a gaban kowa, amma bayan abin da ya wuce wannan ko a jikina.

Abin da na koya shi ne, in kana jin tsoron abu, ka faɗa da bakinka tun kana zaune da kofin shayi a hannu. In ka ɓoye, matarka ta riga ta sani, kuma ranar da za ta ba da labarin ba za ta rage komai ba, sai ma ta ƙara maka ido ɗaya.