Rasuwar Goggo ta Ƙarƙashin Bene

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika, ta kuma ƙi zama wuri ɗaya, Dogo mai kula da kwamfutocin asibiti yake sanar da likitoci, da ma'aikatan jinya, da masu ba da kati, da duk wanda ya taɓa zaginta a bayan ido, rasuwar Goggo, tsohuwar saba, wato babbar kwamfutar da ke riƙe da rumbun bayanan marasa lafiya. Ta rasu ranar Asabar da yamma a ɗakinta na ƙarƙashin bene, bayan doguwar jinya.

Masu ba da kati ne suka sa mata Goggo, saboda ta san sirrin kowa, kuma ba ta amsa tambaya sai ta yi gyaran murya. In aka nemi katin mutum sai a ji ta daga bayan ƙofa: "ƙurrr… tak, tak." Daga nan ta kawo shi, da jininsa, da magungunansa, da ranar da ya yi alkawarin dawowa ya ƙi. Ba ta taɓa kai maganar wani wurin wani ba. Ita kaɗai ce a ɗakin, ba ta da 'yar'uwar da za ta karɓe ta in ta gaji, shi ya sa duk ranar da ta kwanta asibiti kan tsaya cak. Dogo ya tarar da ita a nan ranar da ya kama aiki, kuma tun daga ƙasan bene yakan gane lafiyarta da kunne kafin ya sa makulli.

Ciwon ajalinta tsufa ne. Kamfanin da ya yi manhajar da ke cikinta ya daina aiko mata da gyara, sabuwar na'urar gwajin jini kuma ta ce ba ta jin yarenta. Likita mai asibitin ya sayo sabuwar saba, aka ɗora mata sabuwar sigar manhajar, aka ajiye ta a gefe. Dogo ya yi ta kewaye ta kamar ba ya ganinta. Yau ya ce yana karatun yadda ake yi, gobe ya ce bai gama ba, har sai da Sista Babba, shugabar ma'aikatan jinya, ta tare shi a baranda.

"Dogo, so kake ta mutu a hannunka ranar awon ciki, mata cike da benci?"

"Sista, in aka ƙaura ba a komawa fa."

"To a ƙaura tana da rai."

Ranar Asabar, da aka sallami na ƙarshe a layi, ya kwashe kwafin duk abin da ke cikinta, ya kashe ta da hannunsa, ya fara zuba wa sabuwar. Bai iya zama ba. Ya je bakin ƙofa ya dawo, ya gyara wayar da ba ta karkace ba, ya sake leƙa allo. Da sabuwar ta ce komai ya shiga lafiya, sai ya ce bari ya gwada ta da sunan da ya fi sani, ya rubuta na matarsa, wadda cikinta ya tsufa kuma a nan take awo.

Sabuwar ta ce ba ta san wannan mata ba.

Ya sake rubutawa, haka. Da lambar kati ya lalubo ta, sai ga rabin suna. Daidai inda harafi mai lanƙwasa yake, nan rubutun ya yanke. Ya gangara wurin da aka rubuta maganin da jikinta ba ya karɓa, wanda ya taɓa kumbura mata fuska, ya tarar shi ma ya yanke a tsakiya. Ya buɗe katin wani, ya buɗe na wata, duk inda ɗa ko ƙa ko ɓa ya faɗo, abin da ya biyo baya ya tafi. Goggo tana ajiye waɗannan haruffa ne a irin hanyarta ta dā, kwafin kuma bai fassara su ba. Cikakken bayanin yana wuri ɗaya tak a duniya, cikin wadda ya kashe ɗazu.

Wayarsa ta yi ƙara, matar ce.

"Maigida, abinci ya huce. Me ya sami muryarka?"

"Sunanki ne ya ɓata."

"Nawa yana nan wurina. Ka tsaya ka nemo na mutane."

Ya danna maɓallin Goggo, shiru. Ya sake dannawa, fanka ta juya ta tsaya. Ya buɗe mata gefe, ya hure ƙura, ya mammatsa wayoyi, gumi yana ɗiga masa a hannu. Sista Babba da ta zo ɗaukar jakarta ta ga halin da ake ciki, ta yagi kwali ta durƙusa tana yi wa marigayiyar fifita. Can sai aka ji ta: "ƙurrr… ƙyas, ƙyas." Dogo bai taɓa jin wannan ƙyas ɗin ba, kuma ya san abin da take nufi.

Ya sa ta sake ba da kwafi, wannan karon ta hanyar da sabuwar za ta gane. Tana bayarwa tana tsayawa. In ta tsaya sai Dogo ya fita baranda, in ta motsa ya dawo a guje. Sista ta ce ya zauna yana sa ta jiri, ya zauna, ya miƙe. A haka Goggo ta ja har ta miƙa kati na ƙarshe. Ta yi "tak" guda ɗaya. Ya danna, ya sake dannawa, ba ta ƙara tashi ba.

Sunaye sun dawo cikakku, gargaɗin maganin ma ya dawo. Ranar Litinin layin awo ya ƙare tun kafin matan su gama gaisawa.

Marigayiyar ta bar firinta mai cin takarda, da batirin da ke riƙe ta in wuta ta ɗauke, wanda shi ma lafiya ba ta ishe shi ba. Ta bar magajiyarta, mai sauri, mai ladabi, wadda ba ta da murya ko kaɗan. Wannan shirun ne ya hana Dogo sakat. Yana cikin cin abinci sai ya ajiye cokali ya gangara ya kara kunne a ƙofa. Ba ya jin komai, kuma an ce masa hakan shi ne lafiya.

Gawar tana kan tebur a ɗakinta, an lulluɓe ta da tsohon labulen ofis, ga mai son yi mata kallon ƙarshe. Ana karɓar gaisuwa a ofishin Dogo, in ba a same shi a kujera ba a duba kan bene. Ranar Alhamis mai sayen gwangwan zai zo ya ɗauki ƙarfen. Faifan cikinta mai ɗauke da bayanan mutane kuwa ba zai bi shi ba, domin dokar asibiti ta ce a huda shi kafin ya fita daga ginin. Wani kafinta ya kawo aron injin huji, ya ce zai yi a kyauta. Dogo ya yi godiya, ya ce shi zai yi. Yana roƙon jama'a, in lokacin ya yi, a jawo masa ƙofa.