Ginshiƙi a Kan Taya Ɗaya

Idan ana ambaton manyan mutane, a fara da ƙanena, a ɗan huta, sannan a ci gaba da sauran. Shi ne babban manajan wani kamfanin rarraba kayan gini, mutumin da gyaran muryarsa kaɗai kan sa akawu ya gyara zama. Uwarmu ɗaya ubanmu ɗaya, ni na goya shi, don haka kada wani ya ce hassada ce ta sa nake yabonsa.

A ofis Ginshiƙi ake kiransa. Shi ya raɗa wa kansa sunan a wani taro, ma'aikata suka tafa masa, kowa da dalilinsa. Kuma ginshiƙin ne na gaske, don ba a taɓa ganin ya motsa ba. Ƙofa buɗe masa ake yi, jaka riƙe masa ake yi, takarda karanta masa ake yi, a nuna masa da yatsa inda zai sa hannu. Shi kuma sai ya ture ta gefe, ya ce ba a gaggawa da babban aiki. Motocin siminti su yini a bakin ƙofa suna jiran alƙalaminsa, direbobi na barci a ƙarƙashinsu.

Ana nan mai kamfanin ya rasu, 'yarsa ta gaji kujera. Wa'adin aikin Ginshiƙi kuwa ya zo gangara, kuma ita ce za ta ce a sabunta ko a bari. Wata rana ta dube shi yana haki bayan ya hau bene, ta ce, "Baba manaja, ba ka gaji ba? Ai ya kamata ka huta."

Huta! Da ma ta zage shi. Ya rina furfura, bai ga ta lura ba. Ya sayi matsattsiyar riga, maɓallai suka yi ta neman agaji. Daga nan ya ga wani saurayi a waya yana gangaro dutse a kan keke mai taya ɗaya, sai hankalinsa ya kwanta. Ya samo abin da zai nuna wa yarinyar nan cewa da sauransa.

Na je gidansa ranar da aka kawo keken. Taya ce guda, mai kauri, mai haƙora kamar ta tarakta. A samanta sirdi siriri, gefe da gefe feda masu ƙusoshi, da wani ɗan birki a maƙale ƙarƙashin sirdin. Ba wurin riƙewa, ba sarƙa, ba komai. Na tambaye shi ina sauran keken.

"Yaya, ba za ki gane ba," in ji shi. "Taya biyu ta masu neman madogara ce. Mu da muka saba tsayuwa da kanmu, ɗaya ta ishe mu. Dubi ƙirar nan. Na gwada kekuna iri-iri, ban taɓa jin mai biyayya kamar wannan ba."

Ko leda ba a gama cire masa ba lokacin. Keken ƙarshe da na san ƙanena ya hau kuwa, ni ce na riƙe masa ta baya.

Matarsa ta hana shi koyo a gida bayan ya fasa mata madubin falo, feda kuma ta tsaga masa ƙwauri. Sai ya mayar da makarantar cikin siton kamfani, a doguwar hanyar da ke tsakanin buhunan siminti da bandur-bandur na kwanon rufi. Ya zaɓi malamai biyu da ba su taɓa ganin irin keken ba: akawu a hagu, mai kula da sito a dama. Dukansu magidanta ne masu iyali, kuma dukansu sun san abin da ke faruwa da wanda ya ce wa manaja a'a.

Suka ɗora shi. Kowa ya cusa kafaɗa a ƙarƙashin hammatarsa, suka yi ta kai shi suna kawo shi kamar masu dakon firiji. Shi yana sama, ƙafafu na bin feda duk inda ta ga dama, ido na kallon nesa irin na jarumai.

"Kun sake ni?"

"Mun sake ka, ranka ya daɗe," in ji akawu, jijiyar wuyansa kamar za ta tsinke.

"To me nake ji a haƙarƙarina?"

"Iska ce, yallaɓai. Gudun ne ya yi yawa."

Ya yarda. Don me ba zai yarda ba? Mutumin da aka riƙe tun yana ƙaramin ma'aikaci ba ya jin hannun mutane a jikinsa, kamar yadda ba ya jin rigarsa. Haka aka yi ta yi har mai kula da sito ya fara tafiya a karkace, akawu kuma ya koma rubutu da hagu. Kowace safiya Ginshiƙi yakan tara ma'aikata ya ba su ra'ayinsa.

"Sirdin da ɗan tauri, amma shugabanci ma haka yake. Tayar tana kama ƙasa yadda nake so. Birkin ban taɓa buƙatarsa ba. Abu ɗaya na lura, keken nan yakan san wanda ke kansa."

Da ya ga ya ƙware, sai ya shirya wa ma'aikata fita shan iska zuwa wani tudu mai duwatsu a bayan gari, ya gayyaci 'yar mai kamfani. Ni ma ya aiko a ɗauko ni, wai in ga abin da iyayenmu ba su rayu suka gani ba. Na je. A shekaruna ba a ƙin kallo kyauta.

Ya fito cikin hular kwano da kariyar gwiwa da ta gwiwar hannu, sai ka ce kayan da aka naɗe za a aika wata ƙasa. Malamansa suka hau da shi har kan tudun, suna nishi, suka ɗora shi a sirdi. Ya dubi jama'a a ƙasa, ya ɗaga murya.

"Akwai masu cewa shekaru sun cim mini. Yau za su ga bambancin tsufa da ƙwarewa. Kamar yadda na riƙe kamfanin nan ni kaɗai, haka zan sauko da keken nan ni kaɗai!"

Mai ɗaukar hoto ya saita na'ura. A nan ne Ginshiƙi ya waiga dama da hagu, ya ga kawuna biyu masu gumi za su ɓata masa tarihi.

"Ku matsa, kuna shiga hoto."

Akawu ya dubi mai kula da sito. Mai kula da sito ya dubi ƙasa.

"Ranka ya daɗe, da dai..." in ji akawu.

"Na ce ku matsa! Yaushe aka fara mayar mini da magana?"

Ba a taɓa ba. Ranar ma ba a fara ba. Suka zare kafaɗunsu a tare, cikin ladabi, suka ja da baya.

In faɗi gaskiya, ya tsaya. Ya tsaya daidai tsawon lokacin da mutum ke ɗauka ya gane abin da aka daɗe ana yi masa. Na ga fuskarsa ta canza. Hannuwansa suka fara laluben kafaɗun da babu su. Sai tayar ta yi gaba, shi ya yi baya, ƙugunsa ya gaisa da wani faffaɗan dutse da ƙarar da har tsuntsaye suka tashi. Keken kuwa, da ya ji an sauke masa kaya, ya gangaro yana tsalle daga dutse zuwa dutse, cikin nishaɗi, har gaban 'yar mai kamfani, sannan ya kwanta.

Ƙashin ƙugu ya tsage. Aka kwantar da shi a gida, ni da matarsa muna karɓa-karɓar jinya. Ya ajiye waya a kan ƙirji yana jiran ofis su kira cikin ruɗani. Wayar ta yi shiru har ya sa aka duba ko ta lalace. Lafiyarta ƙalau.

Da ya fara iya zama, 'yar mai kamfani ta zo dubiya da kwandon lemo. Ya gyara murya, ya ɗaure fuska irin ta mai ɗauke da duniya.

"'Yata, na san komai ya tsaya. Ki ce su yi haƙuri, ina nan tafe."

"Kada ka damu, Baba. Ba mota ko ɗaya a bakin ƙofa. Kaya na fita tun safe, har direbobi na ƙorafin ba su samun barci."

Ya ce, "To wa ke riƙe da kamfanin?"

"Akawu da mai kula da sito," in ji ta, tana ɓare masa lemo. "Ashe aiki gare su kamar me. Hannuwansu ne da ma ba su samu sarari ba."

Ta sa masa ɓarin lemon a tafin hannu, ta ce ya ci gaba da hutawa, ba sai ya dawo ba.