Karan-miskin da Ba a Murzawa

Ba zan taɓa mantawa da ranar nan ba, kuma duk wanda ya ce muku mayafina na cire don in rufa wa matar cikin hoto jiki, bai san zancen ba. Ni a lokacin ko ganin matar ban yi ba.

Lokacin kuɗin man fetur ya buɗe, gidan Yaya Sani a unguwar Bloomsbury, can ƙasar Turawa, ba ya rabuwa da baƙi daga gida. Ya yi min alkawarin makarantar ɗinki in na nuna natsuwa (ni da natsuwa kuwa ko gaisawa ba ma yi). Ranar ya kwashe ni da ogansa da Hajiyar ogan zuwa gidan adana zane-zane, ɓangaren Italiyawa.

Ɗakunan farko na hotunan mutanen da can ne, bayansu ruwan zinariya, kowa a sandare, riguna kamar sun sha sitati. Muna gaba, ƙarni na canzawa, yadi na laushi har ya fara zubowa. Sai ga wani jan karan-miski a cikin wani hoto, shimfiɗe a gado, yana sheƙi.

"Yaya, wannan yadi aka manna."

"Fenti ne. Ke, wuce mu je."

"Wallahi yadi ne."

Babanmu a kasuwar yadi ta Kwari yake da shago, a gidanmu ba a yanke wa yadi hukunci sai an murza. Na tsallake igiyar da aka gitta a gaban hoton, na kai yatsu biyu, mayafina ya zame ya rataye a hannuna.

"Madam! Don't touch!"

Mai gadi ke nan, da tsawar da ta cika ɗakin. Turawa duk suka juyo. Sai lokacin na ɗaga kai na ga wadda ke kwance a kan yadin, ko zare babu a jikinta. Yaya ya haɗa gumi cikin sanyin nan. Na ce shi ke nan, ɗinki ya tafi.

Sai Hajiya ta dafa ni. "Allah ya yi miki albarka, 'yar nan. Mu duk mun kau da kai, ke kaɗai kika tashi suturta ta."

"Sani, mai kishin sutura haka, ai sai ɗinki," in ji oga.

Na ce amin. Yaya ya harare ni.

Abin da ya fi ƙona min rai, da gaske fenti ne, busasshe kamar bango. Ashe akwai yadin da ido kaɗai ke murzawa. Na yanke in koma ni kaɗai, hannuwa a baya, in tsaya har sai na gano yadda mai zanen nan ya yi min wayo.