Ranar da Na Shanya Karatun Ɗana

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na baje karatun ɗana a tabarma kamar gyaɗa. Lokacin jiragen ruwa suna zuwa Garwa da damina, mu kuma muna zaune a unguwar Rumde Ajiya, maigidana yana sana'ar fawa. Ɗan farina (ba na kiran sunansa, Malam nake ce masa) ya zo hutu daga Faransa, inda yake koyon wata na'ura da suke kira ordinater, wato kwamfuta. Ya shigo da akwatuna biyu, ya tura ƙarƙashin gado, ya ce aikinsa na shekara biyu ne, da shi za a gwada shi a ba shi babbar takarda.

Ni kuwa ba a ajiye abu a gidana ban duba ba. Ranar Juma'a da ya tafi masallaci na buɗe. Sai ga kwalaye farare jere cunkus, kowane ɗaya duk huji. Na ce gara ta gama da yaron nan, shi bai ma sani ba.

Na shimfiɗa tabarmi uku a tsakar gida, na juye su a rana, na danne da duwatsu. Ban tsaya nan ba (da ma na tsaya), sai da na tsince su: masu huji da yawa gefe guda, masu sauƙin ɓarna gefe guda.

Ina cikin haka Malam ya yi sallama, tare da wani abokin karatunsa, malami daga Yawunde. Ban jira sun zauna ba.

"Malam, haka ake ajiya? Ka tsallake teku neman ilimi, ka bar ƙwari suna cin rabonsu?"

Baƙon ya cire tabarau ya fara gogewa. Malam ya durƙusa ya ɗauki kwali ɗaya.

"Inna," ya ce a hankali, "hujin nan shi ne rubutun. Na'urar da shi take karatu. Kuma idan ɗaya ya bar wurinsa a jeri, duka ba za su karantu ba."

Na dubi tabarmi uku. Na ji zani ya yi mini nauyi.

Bai ɗaga murya ba, kuma har gobe ina gode masa. Ya nuna mini gefen kwalayen: ashe ya ja jan layi a karkace tun suna jere, kowanne da ɗigonsa. Idan jerin ya daidaita, layin zai miƙe. Ni da na shekara talatin ina ƙirga zare a ɗinkin hula, wannan ai aikina ne. Kwana huɗu muka yi, shi yana duba lambobin da ke jikin kwalayen, ni ina bin ja, ban yi wa kowa faɗa ba a gidan (maƙwabta har sun aiko tambaya ko lafiya).

Ya koma, ya ci jarrabawarsa. Yau farfesa ne na kwamfuta, kuma wai bincikensa duk a kan yadda na'ura za ta jera abubuwan da suka hargitse ne. Yana gaya wa ɗalibansa cewa uwarsa ce ta fara ba shi aikin.

Har yanzu ina buɗe duk akwatin da ya shigo gidana, wannan ba zan fasa ba. Sai dai kafin in kai abu rana, ina tambayar mai shi ko hujin na gara ne ko na boko.